Homa a Kan Takarda

Saura kwana arba'in a faɗa ruwa a Matan Fada
aka damƙa mini su, su goma sha ɗaya,
da allo mai tsaga, da ɗakin ajiyar katifu
can bayan masauki, inda janareto ke tari.
Manaja ya ce, "Malam Nomau, ba digiri nake nema ba.
Baƙi na tafe Argungu.
Su dai iya karanta abin da ke gabansu."

Ban zo da littafi ba.
Kwandon sharar ofis na bi na tsinto darasi:
rasit da ya sha maiƙo,
jerin abincin bara wanda farashinsa ya rasu,
takardar wanki, riga uku, wando biyu,
da katin nan da baƙo kan rataya a ƙofa
in yana so duniya ta bar shi ya yi barci.

Ranar farko ƙofar gilashi ta kayar da mu.
Kalma ɗaya ta ce tura, ɗaya ta ce jawo,
duk sun fara da harafin da bakinmu bai gada ba.
Sahabi ya tura inda aka ce ya ja,
goshinsa ya gaisa da gilashi.
Rifkatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.
Bai sake mantawa ba. Ƙululu ma malami ne.

Na ce musu, ku 'ya'yan bakin gulbi ne,
wa ya taɓa kwashe ruwa duka don kifi ɗaya?
Ku jefa ido kamar homa.
Ku kamo lamba, ku kamo lokaci, ku kamo suna,
saura ruwa ne, ku bar shi ya zurare.
Amma ku ji tsoron ƙananan kalmomin Turanci,
masu harafi biyu, masu uku.
Su ne ƙaya a cikin tsoka,
su ke mai da kawo ya koma kar ka kawo.

Arzika kan yi karatu da ƙarfi kamar sanƙira,
ya isa ƙarshen layi kafin ma'ana ta sa takalmi.
Tumba kuwa shiru.
Yatsarta ke bin ƙasan rubutu
kamar tururuwa da ta ɗauko ƙwayar da ta fi ta.
Sau ɗaya ta ɗago kai:
"Malam, mi as sa sunka rubuta baƙin da ba su hwaɗi?"
Na ce, ban sani ba, Tumba.
Wuƙa ce dai. Ajiye ta dama da faranti.

Sai biki ya zo, gari ya cika har wuya.
Daren Juma'a, daga ɗaki na sha bakwai,
wata baƙuwa mai kyamara ta aiko 'yar takarda a kan tire,
rubutu kamar kaza ta bi ta kan laka.
Arzika ya jefa homarsa, ya kamo biyu:
"Kifi! Gyaɗa! A cika mata yajin ƙuli!"
Kuku ya barbaɗa, hannunsa a sake.

Tumba ta goge hannu a zane, ta karɓi takardar.
Yatsa ta tafi, ta tafi, ta tsaya.
Harafi biyu kacal, ɗaya tsaye da ƙafa biyu, ɗaya zagaye.
"Dakata. Nan a'a ta ce.
Gujjiya na shaƙe mata maƙoshi."

Kicin ya yi tsit, sai mai da ke ƙara a kasko.
Aka wanke wuƙa, aka sauya faranti,
aka gasa wani kifin da gishiri da lemon tsami.
Baƙuwar ta ci, ta kwana, ta ɗauki hotunanta,
ta tafi ba ta san sunan kowa ba.
Arzika ne ya cinye na farkon, a tsaye, bai ce uffan ba.

Takardar tana aljihuna, da tabon mai a gefe.
Da ita zan buɗe aji baɗi.
Sahabi kuwa an ba shi ƙofar gilashi,
yana buɗe wa mutane tun kafin su karanta.